Sunan da Zai Fita Daga Takardar Mombasa

Kwalejin Malamai ta Mutuuri, Meru.
6 ga Mayu, 1996.

Zuwa ga yayata Rispa Namaemba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, da yara da jikoki da duk mutanen Kimilili. Yaya ƙafar taki? Nan ruwa har ya ishe mu, filin wasa ya koma taɓo.

Ban samu na rubuto miki ba tun Maris, don haka albishirinki: 'yan matana sun sake cinye gasar ƙwallon raga ta lardi. Karo na goma sha ɗaya ke nan tun zuwana kwalejin nan shekara ashirin da uku da suka wuce, lokacin da na tarar da igiyar shanya a matsayin raga da ƙwallo ɗaya mai faci. Na san abin da za ki ce, wai mutum da furfurarsa ya zauna yana ƙirga tsallen 'yan mata. Ki faɗa, na saba. Ƙarshen Yuni za mu Mombasa gasar ƙasa. Sau uku ina kaiwa wasan ƙarshe, sau uku ina dawowa hannu rabbana, kuma a Disamba zan yi ritaya. Wannan ce ta ƙarshe, Yaya, kuma ban taɓa riƙe ƙungiya irin ta bana ba.

Sai dai ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kin tuna Dorkas Nanjekho, 'yar Chwele, wadda na aiko miki da ganyen shayi ta hannunta bara? Ita ce kyaftin, ita ce mai ɗaga wa masu duka ƙwallo. Duk abin da za mu buga sai ya bi ta yatsunta. Tun da aka dawo hutun Afrilu yarinyar nan ta juye mini. Ni nake naɗe mata yatsu da filasta kafin kowane wasa, saboda manuniyarta ta dama ta taɓa gocewa. Ran nan na miƙa hannu, sai ta ɓoye nata a baya. Na ce, "Kyaftin, lafiya?" Ko kallona ba ta yi ba, ta juya ga Madam Gakii, mataimakiyata, ta ce, "Madam, ke ki naɗe mini."

Yanzu da zani take zuwa atisaye, ɗaure a kan gajeren wando. Wa zai yi tsalle da zani? Shekaran jiya raina ya ɓaci, na daka mata tsawa na ce ta cire shi ko ta bar mini fili. Ta bar filin tana kuka.

Kin san gidajen Chwele ciki da bai. Don Allah ki bincika mini ko rasuwa aka yi musu, ko wani abu ne ya same ta. Hankalina ba a kwance yake ba. In kin ga Situma, ki ce masa ubansa yana nan da rai, kuma gidan waya bai rufe ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki,
Jotham Khaemba.

*

Kimilili.
14 ga Mayu, 1996.

Ƙanena Jotham,

Na amsa gaisuwarka, muna lafiya, ƙafa tana nan yadda ka san ta. Ka nemi kujera ka zauna kafin ka ci gaba.

Babu wanda ya mutu a Chwele. Aure aka yi, kuma a gidanka aka yi shi. Kai da ka ƙi zuwa hutu ka tafi Nairobi taron masu horarwa, ɗanka Situma ya kawo yarinyar nan ranar tara ga Afrilu, ya shiga da ita ɗakinsa na bayan gidanka. A kwana na uku ni da kaina na miƙa mata muciya, tunda matarka Zipora ta rasu ta bar mini uwancin gidan nan. Ta tuƙa tuwon masara, na ci, baffanninsa sun ci. Mutanenta sun zo sun sha shayi, an sa maganar shanu sai Agusta. Situma ya rantse mini zai rubuto maka. Ashe matsoraci ka haifa.

Don haka ba juye maka ta yi ba. Surukarka ce, kuma ta fi ka sanin abin da ya kamata. Meru ta cinye maka ƙwaƙwalwa ne, ko sai na tuna maka? Ba ka kama hannunta. Ba ka zama inda ta zauna. Ba ka kallon ƙafarta. Ba ka ɗaga mata murya, balle ka riƙa kiran sunanta gatsal a bainar jama'a.

Kai kuwa ka tsaya a tsakiyar fili ka ce wa matar ɗanka ta cire zani. Na karanta wurin nan sau biyu. Na ƙona wasiƙar a murhu don kada wani jika ya tsince ta.

Ka gaya mini gaskiya: tun da ta dawo, ka taɓa ta? Ko da yatsa ne ina so in sani, don in san abin da zan faɗa wa dattawa. Kuma daga yau ku biyu ba za ku haɗu a fili ɗaya tana cikin wannan ɗan wandon ba. Ko ita ta bari, ko kai ka bari.

Ubangiji ya kiyaye ka.
Yayarka,
Rispa.

*

Mutuuri.
23 ga Mayu, 1996.

Yaya Rispa,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, wasiƙarki ta same ni a ɗakin malamai. Aka ce na yi fari fat har wani ya kawo mini ruwa.

Ban taɓa ta ba, Allah shaida. Ita ce ta kiyaye mu duka biyu. Duk lokacin da na tuna maganar zanin nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita yarinyar ba ni da abin cewa a kanta. Da ni aka ce in zaɓar wa Situma mata, da ba zan wuce ta ba. Amma ya rasa watan da zai yi wannan sai bana?

Na gwada dabara. Na sa kujera a bakin fili na juya baya, Madam Gakii tana faɗa mini abin da ke faruwa, ni kuma ina faɗa mata abin da za ta ce. Ranar Asabar muka yi wasan gwaji da 'yan sakandare, yara ƙanana, suka ci mu uku da ɗaya. Kafin Madam ta gama bayani ƙwallo ta riga ta faɗi. Shugaban kwaleji ya kira ni ofis ya ce, "Malam Khaemba, wuyanka ne ya ƙage ko sabon salon Japan ne?" Na bayyana masa. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "To ka sa baƙin tabarau mana." Mutumin kirki ne, amma ba namu ba ne.

Ga inda abin ya tsaya. Ranar 14 ga Yuni za mu aika takardar rajista zuwa Mombasa: sunayen 'yan wasa goma sha biyu, da sunan mai horarwa guda. Wanda aka rubuta shi kaɗai zai zauna a benci, kuma in takarda ta tafi ba a canzawa. Dole suna ɗaya ya fita, nata ko nawa.

In na cire ta, Kendi ce za ta ɗaga ƙwallo. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma in 'yan kallo suka yi ihu hannunta rawa yake yi. Ban da haka, a gasar ƙasa ne ƙungiyoyin kamfanonin Nairobi suke zuwa ɗibar 'yan wasa, kuma kyaftin ɗin tana shekarar ƙarshe. In ba su gan ta bana ba, ba za su taɓa ganinta ba. In kuwa na cire kaina, Madam Gakii shekara tara tana gefena amma ba ta taɓa jan wasa ita kaɗai ba.

Yaya, 'yan wasa huɗu na raina har suka sa rigar ƙasa. Malamai sun fi ɗari a makarantun ƙauye suna koyar da wasan nan yadda na koya musu. Amma a 1991 muna gaba da sha uku da tara a zagaye na biyar muka zubar, kuma har yau in na rufe ido ƙwallon nan nake gani tana faɗuwa bayan layi. Abu ɗaya ya rage mini. Abinci ma ya daina shiga.

Tunda ba a kai ko saniya ɗaya ba, ba za a iya cewa auren bai ƙullu ba sai Agusta? Ki je wurin Baffa Wekhomba, babban dattijon danginmu, ki roƙa mini. Kwana huɗu kawai nake nema.

Ki gai da kowa.
Ƙanenki,
Jotham.

*

Kimilili.
31 ga Mayu, 1996.

Jotham,

Muna lafiya, ina fata kai ma ka fara cin abinci. Na ja ƙafata har Kamukuywa saboda kai, na kai wa Baffa Wekhomba kaza.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Rispa, kin ci tuwonta ko ba ki ci ba?" Na ce na ci. Ya ce, "Ni ma na ci. To za mu amayar da shi ne don Jotham yana son kofin gwangwani?" Na ce kwana huɗu ne kawai, Baba. Ya ce, "Manase kwana nawa ya yi? Rana ɗaya ya goya surukarsa a keke zuwa kasuwa. Kin ga yadda jikokinsa suka fito." Ya karɓi kazar kuma.

Ni 'yar coci ce, ni nake jan waƙar mata ranar Alhamis. Ban ce na yarda da duk abin da tsoffin nan suke faɗa ba. Amma in gobe yarinyar nan ta haihu yaron ya zo da wata lalura, ko da tari ne, duk ƙauyen nan kai za su nuna, ita kuma ba za ta sake ɗaga kai a gidanka ba. Wannan nake jin tsoro.

Shawarata ita ce ka cire ta. Kai ka yi shekara ashirin da uku kana jira, ita kuwa yanzu ta fara rayuwa. Matar aure ce, me za ta yi da tsalle a gaban mazan Mombasa? Ta gama karatunta ta samu aji ta koyar.

Jaruminka Situma ya zo daga Webuye ranar Lahadi, yana sanɗa kamar ɓarawon ƙwai. Na ce, "Ka ga abin da ka jawo wa ubanka?" Ya ce, "Gwaggo, ni fa a fili na fara ganinta, ba zan ce ta bari ba." Na ce, "To kai ka rubuta wa ubanka ya bari." Sai ya tashi wai zai duba maraƙi.

Ka yanke, kada ka bari rana ta ƙure maka.

Yayarka mai yi maka addu'a,
Rispa.

*

Mutuuri.
3 ga Yuni, 1996.

Zuwa ga Gwaggo Rispa,

Ina durƙusawa ina gaishe ki cikin ladabi. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Ki gafarce ni da na rubuto miki kai tsaye, ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Gwaggo, Baba ya rame. Daga nesa nake hango shi, kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Da safe yakan zo fili kafin kowa ya ja layi da toka, ya gwada tsayin raga, sannan ya koma ofis kafin mu fito. Wata ƙawata ta ce ta ga takardar Mombasa a teburinsa, an cika ko'ina sai gurbi biyu.

Ba zan iya zama dalilin da zai rasa bencinsa ba. Lokacin da na zo nan ƙarfi kawai gare ni, shi ya tsayar da ni gaban bango wata uku ina ɗaga ƙwallo har yatsuna suka koyi magana da ita. Abin da na iya nasa ne.

Don haka ranar Juma'a na yi kamar na faɗi a kan hannuna. Na je ɗakin magani na yi ta kuka, aka ɗaure mini manuniya da ɗan katako, aka ce hutun sati shida. Gwaggo, yatsana lafiya lau yake. A da, Baba yana taɓa shi zai gane ƙarya ce, don ya fi ni sanin yatsan nan. Yanzu ba shi da halin taɓawa, ba zai ma matso ya duba ba. Madam ta yarda, ta kai masa labari. Ina koya wa Kendi abin da zan iya a bayan ɗakin kwana.

Abin da nake roƙo shi ne ki rubuta masa ki ce ya sa Kendi hankali kwance. Zai ji maganarki. Kada ki gaya wa Situma, bakinsa ba ya riƙe magana. Ba zan ɓoye miki ba, ina so in buga a Mombasa kamar raina zai fita, kuma tun ranar Juma'a kuka nake yi na gaske. Amma zai wuce.

Ki sa ni a addu'a.
'Yarki,
Dorkas Nanjekho.

*

Kimilili.
9 ga Yuni, 1996.

Jotham,

Gaisuwa. Na aiko wannan ta wasiƙar gaggawa, ina roƙon Allah ta riga ranar 14 isowa.

Takardar da ke ciki ba taka ba ce, tawa ce, kuma an ce kada ka sani. Na yi kwana biyu ina ajiye ta ina ɗauka. Ni na ce ka cire ta, kuma ga shi ta cire kanta, ya kamata in yi shiru kowa ya huta. Na kasa. Ban taɓa cin amanar yaro ba sai yau.

Ka karanta. Ba ni da sauran shawara.

Rispa.

*

Mutuuri.
14 ga Yuni, 1996.

Yaya,

Ina gaishe ki. Saƙonki ya iso jiya da rana.

Zan faɗa miki abin da ba zan faɗa wa kowa ba. Ranar da Madam ta zo ta ce yatsan ya goce, na ce, "Ayya," na yi fuskar jimami, amma a cikina daɗi na ji. Na ce Allah ne ya warware mini. Ban tambayi yadda ta faɗi ba, ban ce a kai ta asibitin gari a ɗauki hoto ba, ni da nake kai yara hoto kan ƙaramin targaɗe. Ban so in sani ba ne. Na buga takardar da sunan Kendi da nawa, har shugaba ya sa hannu.

Da na karanta wasiƙar kyaftin, sai na yaga takardar. Na kira Madam na ce, "Je ki gaya wa kyaftin ta kwance katakon nan, itacen girki ya yi tsada." Sabuwar takarda ta tafi ɗazu. Mai horarwa: Gakii Muthuri.

Madam ta zauna a ofishina. Ta ce, "Malam, so kake a yi mini dariya a gaban ƙasa? Ni ban san lokacin da ake neman hutu a wasa ba." Na ce, "Kin sani. Shekara tara kina ja mini riga in na makara." Na ba ta littafina da duk abin da na rubuta kan kowace ƙungiya. Ko zai isa, ban sani ba. Tsoro nake ji, Yaya. In suka fita tun zagayen farko, na hana kaina na kuma hana yaran.

Su za su tafi a motar kwaleji, ni zan bi bas ɗin haya.

Ku yi mana addu'a.
Jotham.

*

Mombasa.
30 ga Yuni, 1996.

Yaya Rispa,

Gaisuwa daga bakin teku. Mun ci kofi.

Ban ga ƙwallo ko ɗaya ba. Kwana huɗu na yi a bayan katangar filin, kusa da wata mai soya rogo. Wasan ƙarshe ya ɗauki awa biyu da minti goma. Na yi ta ƙirga usur har lissafi ya ɓace mini, kuma duk ihun da aka yi ban san na wa ba ne. Matar ta ce, "Baba, 'yarka ce a ciki?" Na ce e. Ta ce, "To ka shiga mana, kyauta ne."

Sai ga su sun fito a guje suna nemana. Sha biyar da sha uku a zagaye na biyar. Takardar yabo sunan Madam ke kai, kuma ta cancanta. Mutanen wani banki sun ɗauki sunan kyaftin.

Ita ce ta fito a ƙarshe, ta ɗaura zaninta, kofin a hannunta. Yaran suka dare. Ta tsaya taki biyar daga inda nake, ta durƙusa, ta ajiye shi a ƙasa, ta koma bayan Madam. Na sunkuya na ɗauka. Ya fi yadda na zata nauyi, kuma na yi kuka a gaban mai rogo.

Ina da roƙo ɗaya. Kowa ya ba ni labarin zagaye na biyar, amma ihu kawai suka riƙe. Ita kaɗai ta san dalilin da ya sa ta ba wannan ƙwallo ta hana waccan. In ta zo gida a Agusta, ki zaunar da ita ta faɗa miki, ƙwallo bayan ƙwallo. Ko ba ki gane ba ki rubuta yadda ta faɗa, ki ajiye mini. Ni ba ni da bakin tambayarta.

Ƙanenki,
Jotham.